Takardar Shaidar Wa? Ilmin 'Ya'yan Darfur a Ƙasar Chadi



Bambancin da ke tsakanin ɗan gudun hijira da ɗan ƙasa wajen ilmi yana da asali a cikin doka. Yarjejeniyar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙulla a shekarar 1951 game da 'yan gudun hijira ta wajabta, a sashe na 22, a daidaita su da 'yan ƙasa a ilmin firamare. Amma daga nan zuwa sama, abin da ta tilasta kurum shi ne kada a ba su ƙasa da abin da ake ba sauran baƙi. Sakamakon haka kuwa ya fito a ƙididdigar da Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta bayar a 2016: rabin yaransu ne ke firamare, kashi 22 daga cikin 100 ke sakandare, ɗaya tak cikin 100 ke jami'a.

Bari mu dubi yadda abin ya kasance a maƙwabciyarmu, watau Chadi. Da yaƙi ya ɓarke a Darfur a 2003, mutane kimanin 200,000 suka ƙetaro gabashin ƙasar, aka zaunar da su a sansanoni 12, irin su Farshana da Birejin. Da yawansu Masalit ne da Zagawa, waɗanda iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta raba su da danginsu na Chadi.

Da fari an zaci zaman ba mai tsawo ba ne, saboda haka aka ci gaba da koya wa yara manhajar Sudan da littattafan Sudan, a hannun malaman da aka tsamo daga cikin 'yan gudun hijirar. A nan gizo yake saƙa. Manhaja ba ta da amfani sai da jarrabawa, jarrabawar kuwa tana hannun gwamnatin da iyayen yaran suka gudo wa. Ga shi kuma ƙasashen biyu ba sa ga-maciji da juna: a Fabrairun 2008 'yan tawaye suka shiga Injamena, a watan Mayu wasu suka kai hari Umdurman, kowace gwamnati tana zargin 'yar'uwarta, ba a sasanta ba sai a 2010. To, yaro ya yi shekara takwas yana karatu a ƙarƙashin rumfa, amma samun takardar shaidarsa ya rataya a kan shirin shugabanni biyu. Ko ya samu ma, tsarin Sudan na lokacin shekara 11 ne, na Chadi kuwa 13, wanda ke ƙarewa da jarrabawar bakaloriya irin ta Faransa.

A 2014 aka mai da makarantun sansanoni bisa manhajar Chadi. Abin da ya sawwaƙe wannan shi ne Larabci yana ɗaya daga cikin harsunan hukuma biyu na ƙasar. Iyaye da yawa sun ƙi, domin a ganinsu barin manhajar Sudan daidai yake da fid da rai daga komawa gida. Ni dai ban ga laifinsu ba, amma a ra'ayina shawarar ta yi daidai, gama yaron da aka haifa a sansani a 2004 bai san wata ƙasa ba sai Chadi. A 2018 gwamnati ta karɓi makarantu 108 na sansanoni a matsayin makarantunta.

Kada dai a ɗauka ɗan ƙasa yana cikin daula. Gabashin Chadi yana daga cikin yankunan da suka fi ƙarancin makarantu, har akan sami ƙauyen da yaransa ke zuwa makarantar sansani don babu wata kusa. Inda ɗan ƙasa ya yi fintinkau shi ne bayan sakandare, wajen samun aikin gwamnati.

Ana cikin haka sai sabon yaƙi ya tashi a Sudan a Afrilun 2023. Cikin shekara guda mutane fiye da rabin miliyan suka shigo Chadi, akasarinsu mata da yara, galibi ta garin Adare. Cikinsu har da ɗaliban da suke dab da zana jarrabawar ƙarshe ta sakandare, wadda yaƙin ya hana a yi a shekarar.