Majami'un Yahudawan Kalkata: Yadda makullai suka koma hannun Musulmi

Masu kallon finafinan Indiya na dauri ba za su manta da Nadira ba, gimbiyar nan mai ji da kai da ta fito tare da Dilip Kumar a fim ɗin 'Aan' (1952), wadda kuma ta hure wa Raj Kapoor kunne a 'Shree 420' (1955). Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ainihin sunanta Florence Ezekiel, kuma Bayahudiya ce. Haka Sulochana, tauraruwar zamanin finafinai marasa magana, sunanta Ruby Myers. Haka ma Pramila, sarauniyar kyau ta farko a Indiya a 1947, sunanta Esther Victoria Abraham. A zamanin da iyaye Hindu da Musulmi suke ganin abin kunya ne 'yarsu ta fito a majigi, har ta kai maza ke ɗaura sari su fito a matsayin mata, 'yan matan Yahudawa na cikin waɗanda suka fara cike gurbin.

Su ukun duka daga al'ummar da ake kira Yahudawan Bagadaza suka fito. Ita Pramila haifaffiyar Kalkata ce, kuma a wannan birni ne tarihin al'ummar ya fi ban mamaki, musamman tarihin majami'unsu, wato ɗakunan ibadarsu.

A shekarar 1798 wani ɗan kasuwa mai sayar da duwatsu masu daraja, Shalom Cohen, mutumin birnin Halab na ƙasar Siriya, ya sauka a Kalkata, wadda a lokacin ita ce hedikwatar mulkin Turawan Ingila a Indiya. Da ya ga wuri ya yi, sai 'yan'uwa suka biyo sahu. Ayarin ya ƙaru a zamanin Dauda Pasha, gwamnan Bagadaza daga 1817 zuwa 1831, wanda ya matsa wa Yahudawan garinsa lamba har wasu suka gudu. Waɗannan baƙi Larabci suke yi, suna rubuta shi da baƙaƙen Ibrananci, shigarsu ma ta Larabawa ce. Sai daga baya jikokinsu suka koma Turanci da kwat. Sun yi fataucin siliki da shuni, da ofiyom, abin mayen nan da Ingila ta yaƙi ƙasar Sin a kansa. Wasu sun kuɗance ƙwarai, amma akwai talakawa da yawa a cikinsu.

To, baƙon da ya sauko daga jirgin ruwa bai san kowa ba, ina zai nufa? Majami'a. A addinin Yahudu, ba a yin ibadar jam'i sai an samu maza baligai goma. Saboda haka a ƙaramar al'umma kowane baƙo yana da daraja, don ta yiwu shi ne zai cike goman. Ranar hutunsu tana kamawa daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa daren Asabar, kuma al'ada ce a ja baƙo gida bayan ibada a ci abinci tare. A Kalkata abincin wannan dare bai cika ba sai da 'alu makala', wato dankalin Turawa da ake soyawa gudansa har bayansa ya yi ƙamas. A nan baƙo zai ji wanda ke neman ma'aikaci, da inda ake hayar ɗaki, da gidan da ke da 'yar da ta isa aure.

Majami'ar farko, Neveh Shalom, an kafa ta a 1831. A 1856 attajirai biyu, David Joseph Ezra da Ezekiel Judah, suka gina Beth El a titin Pollock, wadda har da wurin wankan tsarki da tanderun gasa gurasar Idin Ƙetarewa a cikinta. Babbarsu ita ce Magen David, wadda Elias Ezra ya gina a 1884 don tunawa da mahaifinsa. Jan gini ne mai doguwar hasumiya da agogo, wanda bai sani ba sai ya ɗauka coci ne. Maza a ƙasa, mata a bene, a tsakiya akwai dandamalin karatu, a gaba kuma ɗakin da ake adana Attaura cikin kwanduna na katako masu ado da azurfa.

Babbar jarrabawar karɓar baƙi ta zo a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Da sojojin Japan suka mamaye Burma a 1942, Yahudawan Rangun suka tsero Kalkata, wasu a jirgin ruwa, wasu da ƙafa ta cikin dazuzzuka. Ga kuma waɗanda suka gudo daga Turai saboda Hitila. Al'ummar ta nema musu masauki da abinci da sutura. A wannan lokacin ne yawansu ya kai ƙololuwa, wajen mutum 5,000.

Daga nan sai ganga ta fara sauya sauti. Rikicin Hindu da Musulmi na watan Agustan 1946 ya girgiza birnin, Indiya ta samu 'yanci a 1947, aka kafa ƙasar Isra'ila a 1948. Babu wanda ya kore su, amma rashin tabbas kan makomar kasuwanci ya sa suka yi ta ƙaura zuwa Ingila da Amurka da Ostireliya da Kanada da Isra'ila. Yau Yahudawan da suka rage a Kalkata ba su kai 30 ba, akasarinsu tsofaffi. Maza goman nan ba sa samuwa sai in baƙi sun zo daga waje.

To wa ke riƙe da makullan? Musulmi ne. Wasu iyalai, akasari 'yan asalin jihar Odisha, sun gaji aikin kula da majami'un daga iyaye da kakanni. Su ke shara, su goge kujeru da fitilu, su buɗe wa mai ziyara ƙofa, su miƙa masa 'yar hular da namiji ke sawa kafin ya shiga, su yi masa bayanin komai. Lokacin salla ya yi, su yi alwala su yi sallarsu. Wannan amana tana da tushe. Tun can da, gidajen Yahudawa sun fi son ɗaukar Musulmi aikin girki, don sun san ba ya cin naman alade, kuma ya san darajar yanka. Ana ma ba da labarin cewa filin maƙabartarsu da ke Narkeldanga wani abokin Shalom Cohen ne, Musulmi, ya ba shi.

Ba majami'un kaɗai ba. Makarantar 'yan matan Yahudawa da aka kafa a 1881 tana nan tana aiki, kuma mafi yawan ɗalibanta yanzu 'ya'yan Musulmi ne. Gidan burodin Nahoum, wanda ya fara a 1902, har yau mutane na yin layi a ƙofarsa lokacin Kirsimeti. A Disambar 2017, bayan an gyara Magen David da Beth El, jikokin al'ummar suka taho daga ƙasashe daban-daban aka yi bikin sake buɗewa, kujerun suka cika kamar da.

Mai son karin bayani cikin labari sai ya nemi littafin 'The Man with Many Hats' (2013) na Jael Silliman, 'yar wannan al'umma, ko fim ɗin tarihi 'Shalom Bollywood' (2017).

Rikicin Falasɗinu ya sa mutane da dama ba sa bambance gwamnatin Isra'ila da Bayahuden da ke zaune a garinsa da maƙwabtansa. Masu riƙe da makullan Kalkata sun bambance, ba su kuma bar addininsu ba. Ita kuwa Pramila, Musulmi ta aura, jarumi Kumar, wanda ya fito a matsayin masassaƙi a 'Mughal-e-Azam' (1960). Ɗansu Haidar Ali shi ne ya rubuta labarin 'Jodhaa Akbar' (2008), fim ɗin da ya ginu kan auren sarki Musulmi da gimbiya Hindu.