Wa ke biyan kuɗin karatun likita? Daga Dakar ta 1918 zuwa Zangon Wagadugu

Maganar da muka yi a shirin wannan mako ta taso ne daga tambayar wani matashi ɗan Zangon Wagadugu. Ya gama lisans a ilimin halittu, shekarunsa sun kusa talatin, yana koyarwa a wata makarantar kuɗi, amma zuciyarsa na wajen likitanci. Ya ce mana: "Na yarda in koma aji ɗaya, amma wa zai biya?" To, kafin mu ce masa je ka ofishi kaza, bari mu waiwaya baya. Tambayar tasa ta haura shekara ɗari a ƙasashenmu, kuma tun farko ba a taɓa yin likita a kyauta ba. Kullum akwai mai biya, kuma mai biyan shi ke faɗin inda likitan zai yi aiki.

A 1918 Faransawa suka buɗe makarantar likitanci a Dakar domin ƙasashen da suke mulka a yammacin Afirka, Aristide Le Dantec ne shugabanta na farko. Yawancin ɗalibanta daga makarantar William Ponty ake zaɓo su. Gwamnati ke ba da ci da kwana da tufafi, uba bai fidda ko dala. Ka ce kyauta ke nan? A'a. Yaro yana sa hannu cewa zai yi wa gwamnati aiki shekara goma, duk ƙauyen da aka jefa shi. Bayan shekara huɗu na karatu kuma ba a kiransa dokta, sai dai mataimakin likita, daga baya aka koma cewa "likitan Afirka", yana ƙarƙashin Bature ko da ya fi shi sanin cutar. Félix Houphouët-Boigny na Kodebuwa ya fito daga can a 1925. Joseph Conombo, wanda ya yi magajin garin Wagadugu, ya kuma zama firaminista daga 1978 zuwa 1980, shi ma ta wannan ƙofa ya bi.

Ga inda tarihin ya taɓa matashinmu. Bayan yaƙin duniya na biyu, waɗansu daga cikin waɗannan likitoci, magidanta masu mata da 'ya'ya, sun sake komawa benci a Faransa don su sami cikakken digirin dokta. Émile Derlin Zinsou, wanda ya shugabanci Dahome daga 1968 zuwa 1969, ya yi Dakar, sannan ya ƙarasa a Paris. Wato shiga likitanci sau biyu, ko shigarsa da furfura a gemu, ba sabon abu ba ne a wajenmu.

A ɓangaren Ingilishi ma haka zancen yake. Makarantar Yaba da aka buɗe a Legas a 1930 mataimakan likita take fitarwa. Dokta R.A.B. Dikko na Wusasa, Zariya, wanda ake lissafawa likitan farko daga Arewacin Najeriya, sai da ya ƙetara zuwa Birmingham a Ingila. Bayansa gwamnatin Jihar Arewa da hukumomin En'e suka riƙa ɗaukar nauyin ɗalibai, su ma da sharaɗin a dawo a yi musu aiki.

Da aka sami 'yancin kai a 1960, sai masu biya suka ƙaru. Faransa na ba da burs, Tarayyar Sobiyet na bayarwa, ta ma buɗe jami'a a Mosko a wannan shekarar domin ɗaliban Afirka da Asiya da Latin Amurka, wadda aka sa wa sunan Patrice Lumumba. A gida kuma aka kafa Jami'ar Wagadugu a 1974, wadda tun 2015 ake kira Jami'ar Joseph Ki-Zerbo, aka soma horar da likitoci a cikinta a farkon shekarun 1980, suna koyon aiki a asibitin Yalgado Ouédraogo. A lokacin ɗalibai ba su da yawa, wanda ya ci bak da kyau yana iya sa ran gwamnati za ta riƙe shi har ya gama.

Sai dai burs na ƙasar waje yana tafiya ne da iskar siyasa. A 1986 Thomas Sankara ya tura yara 600, yawancinsu marayu da 'ya'yan talakawa, zuwa Kuba su koyi sana'o'i, har da fannin lafiya. Aka kashe shi ranar 15 ga Oktoba 1987. Da suka dawo, da yawa sun sha wuya kafin a amince da takardunsu ko a ba su aiki. Haka kuma da Sobiyet ta rushe a 1991, ɗaliban Afirka da dama suka tsinci kansu cikin sanyi ba kuɗin abinci. Ka riƙe wannan, mai karatu: kafin ka karɓi burs na waje, ka san ko ƙungiyar likitocin ƙasarka za ta yarda da takardar.

A 1991 ɗin ne Burkina ta shiga shirin tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya da Asusun Lamuni. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da ake saye da sefa 50 ya koma 100. Littafin likitanci da ake kawowa daga Paris ya ninka kuɗi dare ɗaya. Ɗalibai suna ƙaruwa, burs yana raguwa. A wannan shekarar ce aka kafa asusun FONER, wanda ya riƙa ba ɗalibin da bai sami burs ba tallafi, ko kuma bashi da zai biya bayan ya kama aiki. Burs kansa ya kasance a hannun ofishin CIOSPB, a Nijar kuma ANAB ke wannan aiki. Najeriya ta riga su gwada bashin ɗalibai tun 1972 zamanin Janar Gowon, abin ya durƙushe saboda waɗanda suka ci ba su biya ba. Sai a 2023 aka sake yin doka, aka gyara ta a 2024, aka kafa NELFUND, mai ba da bashi marar ruwa ga ɗaliban makarantun gwamnati, a fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa.

To ina matsayin mai zuwa karo na biyu? Nan ne gizo ke saƙa. Duk waɗannan tsare-tsare an ɗinka su ne a jikin yaro ɗan shekara sha tara da ya fito daga lise jiya. Burs na ƙasa yana da sharaɗin shekaru da na maki. Karatun likita a jami'o'inmu na Faransanci yana cin shekara bakwai zuwa takwas, har da rubuta kundin ƙarshe. A Najeriya shekara shida ne, amma mai digiri a fannin kimiyya yana iya neman shiga aji biyu kai tsaye ta hannun JAMB, sai ya rage masa biyar, ko da yake guraben kaɗan ne. Akwai kuma jami'o'in kuɗi, irin Saint Thomas d'Aquin da ke Saaba a gefen Wagadugu, inda kuɗin makaranta ke wuyanka. Kada kuma ka lissafa kuɗin rajista kaɗai. Babban nauyin shi ne albashin da za ka bari, da cefanen gida, da man babur zuwa asibiti, domin daga shekarun tsakiya kwana za ka riƙa yi a gadi, ba ka da sararin neman na kanka.

Akwai wani tsari da ya kamata mutanen Zango su duba da kyau. Tun 1983 Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda yake ɗaukar nauyin ɗaliban likitanci da injiniya da noma daga al'ummun Musulmi na ƙasashen da ba mambobinsa ba, kamar Gana. Kuɗin bashi ne marar ruwa, amma ba Jidda ake mayar da shi ba. In ɗalibi ya kama aiki, sai ya zuba a wani asusun amana na ƙasarsa, da shi za a karantar da na baya. Burkina da Nijar da Najeriya mambobi ne, amma dabarar ba ta da shinge.

Kuma ai ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Fataken goro da suka kafa zangonni daga Kano zuwa Salaga da amana suka yi arziki: maigida ya ba yaronsa jari, ya je ya dawo, ya biya, gobe shi ma ya ɗaga wani. Iyayenmu mata har yau da adashi suke aurar da 'ya'ya. Ko da aikin ZACA ya rushe tsohuwar unguwar Hausawa ta Zangouettin a 2003, aka watsa mutane zuwa bayan gari, zumuncin bai rushe ba, ana haɗuwa a suna da biki da jana'iza. Yi lissafi da kanka: gida ɗari, kowane jika ɗaya a wata, ya zama jika dubu da ɗari biyu a shekara, wato sefa miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Wannan ya isa ya rage wa ɗalibi ɗaya babban kaso na nauyinsa.

Saboda haka ga abin da muka ce wa ɗan'uwanmu, kai ma in kana cikin irin halinsa ka ɗauka. Je ka sashen koyon likitanci ka nemi sharaɗin karɓar mai digiri, a rubuce, kafin ka ajiye aikinka. Je ka ofishin burs da na bashi ka tambaya ko shekarunka da digirinka na farko sun fitar da kai. In bashi ne, ka san ko da ruwa, da ranar da biya zai fara, da wanda zai tsaya maka. In gwamnati ko wata ƙungiya ce za ta biya, ka tambayi shekara nawa za ka yi mata, kuma a wane gari. In dangi ne da 'yan unguwa, a zauna gaban shaidu a rubuta: nawa ne, shekara nawa, me zai faru in ka faɗi jarrabawa ko rashin lafiya ta tsai da kai. Kunya ba ta hana rubuta bashi, rashin rubutawar ne ke raba zumunci.

Su Conombo da shekara goma ta rayuwarsu suka biya, ba su kuma zaɓi wanda zai bi su bashin ba. Kai kana da wannan zaɓi. In Zango ce ta karantar da kai, to Zango ce za ta ga likitanta in dare ya yi yaro na zazzaɓi.