Lambun Ƙofar Gamji da Halittun Bakin Kogin Kaduna

Lambun shaƙatawa na Ƙofar Gamji yana gaɓar kogin Kaduna, a cikin birnin da Turawan mulkin mallaka suka mayar hedikwatar Arewa a 1917. A hukumance yana ɗauke da sunan Janar Hassan Usman Katsina, gwamnan soja na Jihar Arewa daga 1966 zuwa 1967. A cikinsa ne aka sake kafa gadar ƙarfe ta masu tafiya a ƙafa, wadda Gwamna Lugga ya gina a Zungeru a 1904, aka kuma sanya ta cikin kayan tarihin ƙasa a 1956. An san wurin da wajen ninƙaya da lilon yara da ɗan ƙaramin gidan namun daji, kuma a lokutan Sallah ne ya fi cika.

Abin da wannan nazari ya sa a gaba shi ne bambancin da ke tsakanin dabbar keji da halittar da ta zo da kanta. Kada ko jimina da aka killace sun dogara ne kacokan ga kasafin kuɗi: ranar da kuɗin abinci ko na likitan dabbobi ya makara, a jikinsu ake gani. Su kuwa balbela da zalɓe da guza, da shamuwa mai zuwa a farkon damina, kogin da kewayensa ne ke ciyar da su. Buƙatarsu ita ce a bar musu ciyawar bakin ruwa da manyan itatuwa.

A nan ne dangin gamji da ɓaure suke da muhimmanci. 'Ya'yansu abincin tsuntsaye ne da jemagu, su kuma sukan yaɗa irin zuwa wasu wurare. Saiwoyinsu suna riƙe ƙasar gaɓa idan kogin ya cika ya batse a watannin Agusta da Satumba. Kogin Kaduna ya taso ne daga tsaunukan Jos, ya yi tafiyar kusan kilomita 550 kafin ya faɗa Kwara, kuma mazauna unguwannin bakinsa ba su manta da ambaliyar 2012 ba. Gaɓar da ke da itatuwa da ciyayi takan rage ƙarfin irin wannan ruwa. Wadda aka sheme aka shafe da siminti kuwa, ruwan kan ci ƙarƙashinta ko ya wuce da ƙarfi ya afka wa na gaba.

Ba a musun cewa mai ziyara yana buƙatar wurin zama da makewayi mai tsabta da ruwan sha da tsaro. Matsalar tana wajen zaɓen inda za a gina su. Fitila mai ƙarfi da ƙarar janareta a dab da ruwa suna korar tsuntsayen da ke kwana a rassa, ledoji kuma kan toshe wuraren da ƙananan kifaye ke ɓuya. A ganina, abin da ya dace shi ne a ja gine-gine da rumfunan ciniki baya, a keɓe zirin bakin kogin ba sara ba siminti, a kafa alluna da Hausa masu nuna sunayen itatuwa da tsuntsaye. Wannan ya fi sayo sababbin dabbobin keji araha, kuma ɗaliban makarantun Kaduna za su fi ƙaruwa da shi.