Gardamar Iskandariya a kan Allahntakar Almasihu

A zamanin Romawa kalmar allahntaka ba ta da tsada. Idan babban sarki ya mutu, majalisar dattawan Roma takan zauna ta sa shi cikin alloli, a gina masa haikali, a naɗa masa firistoci. Haka aka yi wa Yuliyus Kaisar a shekara ta 42 kafin haihuwar Almasihu. A wurinsu allahntaka kamar tsani ce mai matakai, wani yana sama, wani yana ƙasa. Saboda haka sa'ad da Kirista suka ce Yesu Allah ne, dole wata rana a tambaye su, a kan wane mataki yake?

Tambayar ta fashe a birnin Iskandariya ta ƙasar Masar, wajen shekara ta 318 bayan haihuwar Almasihu. Akwai wani firist mai suna Ariyus, mutumin Libiya, mai iya wa'azi da kamun kai. Ariyus bai ƙi Yesu ba. Yana yi masa sujada, yana ma kiransa allah. Amma koyarwarsa ita ce Uba kaɗai ne marar mafari, Ɗan kuwa Uba ne ya kawo shi ga kasancewa kafin dukan zamanai, ya yi sauran halitta ta wurinsa. Wato shi ne fari kuma mafi girma cikin halittattu. Ya dogara ga ayoyi kamar Karin Magana 8:22 da Yahaya 14:28. Ya kuma sa koyarwar cikin waƙoƙi, har an ce matuƙan jiragen ruwa da masu niƙa suna rerawa a bakin aiki.

Almasihun Ariyus kamar waziri yake. Sarki ne ya naɗa masa rawani, talakawa suna faɗuwa gabansa, maganarsa maganar sarki ce, amma darajarsa ba ta jini ba ce, ba shi aka yi. Bishof Iskandari na birnin ya ga inda wannan za ta kai, ya tara bishof-bishof na Masar da Libiya, suka fitar da Ariyus. Maimakon wutar ta mutu, sai ta bazu cikin ikkilisiyoyin gabas.

Sarki Kustantin ya haɗa mulkin Roma a hannunsa a shekara ta 324, ba ya kuwa son tsattsaguwa. Da fari ya rubuta wa su biyun cewa gardamar ƙaramar aba ce. Sarki ya iya yaƙi, amma a nan bai gane ba. A shekara ta 325 ya kira babbar majalisa a Nikiya, garin da ake kira Iznik yanzu a ƙasar Turkiyya. Al'adar Ikkilisiya ta ce bishof 318 suka taru, ko da yake masanan tarihi suna ganin ba su kai haka ba.

Wahalar da majalisa ta sha ita ce, kowace aya aka kawo, mutanen Ariyus sukan yarda da ita, su ba ta tasu ma'ana. Daga bisani aka ɗauki wata kalmar Helenanci wadda ba ta cikin Littafi Mai Tsarki, homo'usiyos, wato ainihi ɗaya. Abin da Uba yake, shi ne Ɗan yake. Aka kuma raba haihuwa da yi. Maƙeri yakan ƙera fartanya, amma fartanya ba mutum ba ce. Ɗan da ya haifa kuwa mutum ne irinsa. A nan misalin ya tsaya, gama ubannin Ikkilisiya sun nace cewa wannan haihuwa ba ta jiki ba ce, babu mace a ciki, babu ranar da ta fara. Ya kamata mai bi ya riƙe wannan, domin maƙwabta Musulmi da yawa in sun ji an ce Ɗan Allah, haihuwar jiki suke tsammani ana nufi. Bishof biyu ne kaɗai suka ƙi sa hannu, Sekundus da Tewonas, dukansu daga Libiya, aka kore su tare da Ariyus.

Wanda ya ɗauki nauyin wannan magana bayan majalisa shi ne Atanasiyus. Dikin ne a Nikiya, ya zama bishof na Iskandariya a 328. A ganinsa babu tsani ko kaɗan. Akwai Mahalicci, akwai halitta, ba na uku a tsakani. Mala'ika mafi ɗaukaka da ƙwaron da ke cikin rumbu gefe ɗaya suke, gama dukansu yinsu aka yi. To, in Almasihu yana wannan gefe, Kiristan da suka ƙi ƙona turare ga alloli a tsanantawar Sarki Diyokletiyan ta 303, suka mutu saboda haka, ashe su ma halitta suke yi wa sujada. Ceto kuma fa? Wanda aka ara masa rai ba shi da ikon ba matattu rai madawwami. Baftisma ma da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki ake yi, ba kuwa zai yiwu a jera sunan bawa da na Ubangijinsa a wannan wuri ba.

Sarakuna suka yi ta juyawa. Kustantin kansa, wani bishof mai goyon bayan Ariyus, Yusibiyus na Nikomidiya, shi ya yi masa baftisma dab da mutuwarsa a 337. Sau biyar aka kori Atanasiyus daga kujerarsa, ya yi wajen shekara 17 a gudun hijira, wani lokaci yana ɓoye wurin masu zuhudu a hamadar Masar. Ya rasu a 373. Kafin nan tambayar ta riga ta koma kan Ruhu Mai Tsarki, shi ma aka auna shi da mudu ɗaya: in shi ne mai tsarkakewa da rayarwa, ba halitta ba ne. Majalisar Kustantiniya ta 381 ta tabbatar da Nikiya, ta ƙara bayani a kan Ruhu. Duk da haka koyarwa irin ta Ariyus ta daɗe a cikin kabilun Gotawa, sarautarsu ta ƙasar Sifen ba ta rabu da ita ba sai a majalisar Toledo ta shekara ta 589.