Lidice: Ƙauyen Da Aka So A Shafe Har Da Rafinsa

Wannan makon za mu leƙa tsakiyar Turai, zuwa wani ɗan ƙauye a ƙasar Cek mai suna Lidice. Mutanen can "Liditse" suke furta shi, saboda haka bakin Bahaushe ba zai sha wahala ba.

Ƙauyen yana yankin Bohemiya, kimanin kilomita 20 arewa maso yamma da Prag, babban birnin ƙasar, dab da garin Kladno da a da yake da ramukan haƙar kwal da masana'antun ƙarfe. A da, a cikin wani ɗan kwari yake zaune, rafi ya ratsa ta cikinsa, gonaki sun kewaye shi. An fara ganin sunansa a rubuce a shekarar 1318. Daga nan ɗaruruwan shekaru suka wuce babu abin da ya sa duniya ta waiwaye shi. Abin da yake da shi bai wuce cocin Waliyyi Martin, makaranta, wurin niƙa, tafki da maƙabarta ba. Zuwa 1942 gidajensa kimanin 100 ne, mutanensa 503, kuma da yawa daga mazan a Kladno suke neman abinci, wasu a ramin kwal, wasu a gaban wutar narkar da ƙarfe.

A watan Maris na 1939 sojojin Hitler suka mamaye ƙasar Cek. Daga baya aka ɗora mata Reinhard Heydrich, ɗaya daga cikin manyan 'yan Nazi kuma mafiya rashin imani a cikinsu. Gwamnatin ƙasar da ke gudun hijira a Landan ta turo sojoji biyu, Jozef Gabčík da Jan Kubiš, aka sauke su da laima daga jirgin sama. Ranar 27 ga Mayu, 1942 suka tare motar Heydrich a wata kwana cikin Prag. Bindigar Gabčík ta cije, Kubiš ya jefa gurneti, raunin da Heydrich ya samu ya yi ajalinsa ranar 4 ga Yuni.

To ina ruwan Lidice a ciki? Babu. Abin da ya jawo mata bala'in wasiƙa ce. Wani magidanci ya rubuta wa budurwarsa da ke aiki a wata masana'anta a garin Slaný, ya yi rubutun a dunƙule kamar wani ɗan gwagwarmaya da zai shiga ɓuya. Mai masana'antar ya buɗe, ya miƙa wa 'yan sanda. A wajen tambayoyi aka ambaci Lidice, inda gidaje biyu, na Horák da na Stříbrný, suke da 'ya'ya a rundunar sojan sama ta Birtaniya. Aka je aka bincike ƙauyen, ba a samu komai ba. Da wani cikinmu ya kawo wannan a matsayin ƙullin labarinsa, da mun ce masa dalilin ya yi rauni, ya sake zama a kai. Sai dai mai neman wanda zai huce a kansa ba ya buƙatar dalili mai ƙarfi.

Daren 9 ga Yuni aka yi wa ƙauyen ƙawanya. Da gari ya waye ranar 10 ga wata, aka tara duk namijin da ya kai shekara 15 a gonar gidan Horák. Aka jingina katifu a bangon rumbu don kada harsashi ya dawo wa masu harbi. Da farko biyar-biyar ake fito da su, da aka ga abin yana ɗaukar lokaci sai aka koma goma-goma. Mutum 173 suka faɗi a ranar, har da limamin cocin, Josef Štemberka, dattijo mai shekara 73. Waɗanda ba sa gari a daren, kamar masu aikin dare, an bi su an kamo, aka harbe su a Prag ranar 16 ga Yuni.

Mata da yara kuwa aka kwashe su zuwa wata makaranta a Kladno, bayan kwana uku aka raba uwa da ɗanta. Matan aka tura sansanin Ravensbrück a Jamus. Cikin yaran aka tsinci 'yan kaɗan da aka ga kamanninsu sun dace, aka ba iyalan Jamusawa su rene su da sabon suna da sabon harshe. Guda 82 aka kai Chełmno a ƙasar Folan, aka kashe su da hayaƙi a cikin motoci rufaffu. Jimillar mutanen Lidice da suka rasa rayukansu 340.

Inda muke so a tsaya a yi nazari shi ne abin da aka yi wa ƙasar kanta. Kashe mutane bai ishe su ba. Aka cinna wa gidaje wuta, aka sa nakiya aka rusa abin da ya saura, har coci da makaranta. Aka tone maƙabarta aka fitar da gawarwaki. Aka sare itatuwa, aka cike tafki da ɓaraguzai, aka karkatar da hanya, aka sauya wa rafin magudana. Aikin ya ci watanni, har cikin 1943. Sun fahimci cewa mutum yana gane gida ne da alamu: ga itaciyar nan, ga inda ruwa ya yi kwana, ga kabarin kaka. In aka kawar da waɗannan, ko wani ya tsira ya dawo ba zai iya nuna inda ƙofar gidansu take ba.

Girman kai ne ya kayar da su. Wasu kashe-kashen ɓoye su suke yi, wannan kuwa da bakinsu suka yi shelarsa a rediyo don su tsorata jama'a, suka kuma ɗauki fim ɗin rushewar. Wannan fim ɗin aka haska a shari'ar Nuremberg bayan yaƙi. Sunan da aka so a binne sai ya bazu: wata unguwa a jihar Illinois ta Amurka ta koma Lidice, haka wani gari a Meziko da wani a Barazil. A Stoke-on-Trent ta Ingila, wani likita mai suna Barnett Stross ya ja gaban masu haƙar kwal suka tara kuɗin sake gina ƙauyen. Mu lura dai, ƙauyen Ležáky da aka yi wa irin wannan ɗanyen aiki ranar 24 ga Yuni bai samu ko rabin wannan ambato ba, ba a kuma sake gina shi ba.

Bayan yaƙi mata 143 da yara 17 suka dawo, wasu yaran sun manta harshen iyayensu, sai Jamusanci. A 1947 aka aza harsashin sabuwar Lidice, amma ba a kan kufan ba, a gefe can kan tudu. Tsohon wurin an bar shi fili, sai ciyawa da harsashin coci da na makaranta da babban kabarin mazan. A 1955 aka buɗe lambun furanni tsakanin tsohon gari da sabo. Mai sassaƙa Marie Uchytilová ta kwashe shekara 20 tana ƙera gumakan yaran nan 82, mata 42 da maza 40. Ta rasu a 1989 ba ta ga an kafa su ba, sai a shekarar 2000 aka kammala zuba su da tagulla. Suna tsaye suna kallon kwarin, inda har yau akwai wata bishiyar fiya da ta karye lokacin rusau, ma'aikatan suka wuce ta, ta sake toho.