Abin da Bangon Zaure ke Faɗi

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Haka shi ma gida, fuskarsa ita ce bangon zaure. A tsofaffin unguwannin ƙasar Hausa, tun daga Birnin Damagaram har Zariya, magina kan zana takobi, allo, keke, agogo ko jirgin sama a gefen dagi, su shafe da farar ƙasa ko fenti. Mai wucewa yakan ɗauka ado ne kawai, alhali kowane zane shaida ne na matsayin mai gida da zamanin da ya rayu.

Tambaya ta farko ita ce: wa ke da bangon da za a zana? Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya sauka Tasawa a watan Janairu na 1851, ya tarar da gari mai albarka, cike da ciniki, amma gidajen da ya kwatanta na danga ne da bukkoki. Ginin soro da biyan magini sai mai hali. Don haka zanen bango tun asali maganar manya ce: takobi na nuna sarauta, allo kuma gidan malamai.

Gyaɗa ce ta sauya wannan tsari. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sannu a hankali cinikinta ya haura arewa, har ƙasar Tasawa da Mayahi suka shiga sahun masu nomanta, aka kuma kafa kamfanin SONARA a 1962. Ƴan kasuwa da ba su gaji sarauta ba suka yi arziki, irin waɗanda Emmanuel Grégoire ya yi nazari a littafinsa na 1986 game da alhazan Maraɗi. Sabon mai kuɗi ba shi da takobin gado, sai ya sa a zana abin da guminsa ya saya: keke, daga baya mota, sannan jirgin da ya kai shi Makka.

Mata kuwa nasu bangon yana cikin ɗaki. Jeren amarya ya tashi daga ƙorai masu zane zuwa tasoshi da kwanoni masu fenti, kuma Barbara Cooper ta nuna a 1997 yadda kayan ɗaki a Maraɗi ke bayyana darajar mace da ƙarfin danginta.

Akwai kuma abin da ba kasafai ake zanawa ba. Hauyar manomin gefen Gulbin Kaba, wadda ta noma gyaɗar da ta sayi keken, da wuya a gan ta a fuskar soro. Wanda ya karanta bango bai lura da wannan rashi ba, rabin tarihi ya karanta.

Farin shekarun 1973 da 1974 ya karya cinikin gyaɗa, siminti da kwano kuma suna ta maye gurbin tubali. Duk damina da ta rushe tsohon zaure, wata shaida ce ta salwanta. Ya kamata malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu na Tasawa da Mayahi su ɗauki hoton abin da ya saura, su tambayi tsofaffin magina wa ya sa aka zana, a wace shekara, da kuɗin wace sana'a, tun masu amsar suna raye.