Tarihin na'urar daidaita eriya: daga hannun mutum zuwa akwatin da ke aiki da kansa



Duk wanda ya taɓa bin hanyar Tawa zuwa Agadas, ko ya tsaya bakin titi a Maraɗi ko Damagaram, ya sha ganin motocin ƙungiyoyin agaji ɗauke da wata doguwar sanda a gaba, gindinta mai kauri kamar taɓarya. Yara sukan ce eriya ce, kuma sun faɗi daidai. A cikin kaurin nan akwai na'urar da ke daidaita eriyar da radiyon motar da kanta, duk sa'ad da aka canza mita. Irin wannan na'ura ta zama abokiyar aikin masu sha'awar radiyo a duniya, wato mutanen da hukuma ta ba izini su yi magana da juna ta iska don koyo da gwaji, ba don neman kuɗi ba. Kowannensu yana da lambar kira da ke nuna ƙasarsa: ta Nijar tana farawa da 5U, ta Najeriya da 5N. Tarihin na'urar nake so mu bi yau, don ina ganin akwai abin da ya shafe mu a ciki, mu da ke koyar da lissafi da kimiyya a lakwal.

Me ake daidaitawa?

Mu fara da tsirkiyar gurmi ko goge. Makaɗi in yana son sauti siriri sai ya danne tsirkiya da yatsa ya rage tsawonta, in yana son mai kauri sai ya sake ta. Kowane sauti da tsawon da ya dace da shi. Eriya ma haka take. Masu sauraron gajeren zango sun saba jin mai gabatarwa yana cewa ana kama su a kan mita 25 ko mita 31. Wannan mitar tsawon zangon igiyar radiyo ce, kuma eriya mafi sauƙi waya ce mai rabin wannan tsawo. Lissafinta bai fi ƙarfin ɗan kwalej ba: a raba 143 da yawan megahaz. A megahaz 7 ana son waya ta kimanin mita 20, a megahaz 14 kimanin mita 10.

Radiyon aikawa na zamani an ƙera shi ne ya tarar da turjiya ta om 50 a bakinsa. In eriya ta yi tsawo ko ta gaza, turjiyar ta kauce, sai wani kaso na ƙarfin da aka tura ya komo baya. Kowane malami zai iya nuna wannan a filin lakwal: a ɗaure igiya a jikin icce, yaro ya kaɗa ɗaya bakin sau ɗaya, za a ga tozon ya tafi ya bugi icce ya dawo hannunsa. Ana auna komowar da ma'auni. In ya nuna 1 bisa 1, babu abin da ya dawo. In 2 bisa 1 ne, kusan kashi 11 cikin 100 ya juyo, in kuwa 3 bisa 1 ne, kashi 25.

Kayan gyaran iri biyu ne, kuma duk mai gyaran radiyo a kasuwa ya san su: naɗin waya da suke kira bobin, da kondansater. Bobin yana sa gajeriyar eriya ta yi kamar ta ƙara tsawo, kondansater yana sa doguwa ta yi kamar ta ragu. Na'urar daidaita eriya haɗin waɗannan biyun ce.

Zamanin farko

Bajamushe Heinrich Hertz ne ya tabbatar da akwai igiyoyin radiyo, a garin Karlsruhe, a 1887 da 1888. Waɗanda suka biyo shi nan da nan suka ci karo da matsala: tashoshinsu na tartsatsin wuta suna watsa ƙara ko'ina, kowa yana shiga maganar kowa. Oliver Lodge na Ingila ya yi rajistar dabarar daidaita mai aikawa da mai karɓa a 1897. Karl Ferdinand Braun ya raba wurin tartsatsi da eriya, ya haɗa su ta bobin. Guglielmo Marconi ya samu shahararriyar rajistarsa mai lamba 7777 a 1900, duk a kan daidaitawa. A 1909 shi da Braun suka raba kyautar Nobel.

Ranar 12 ga Disamba 1901 Marconi yana garin St. John's na tsibirin Newfoundland, yana jiran harafin S da ake bugowa daga Poldhu a Ingila, nisan da ya wuce kilomita 3,000. Eriyarsa waya ce da aka ɗaga sama da wani faifan ƙyalle mai tashi da iska. Iskar tana ta kai ta sama tana dawo da ita ƙasa, yanayin eriyar yana ta canzawa, har ya ajiye na'urar karɓa mai daidaitawa ya koma ga maras daidaitawa. Tun ranar farko ke nan an ga cewa eriya ba ta zama a hali ɗaya.

Filin da aka raina

Bayan nutsewar jirgin ruwan Titanic a 1912, Amurka ta yi dokar radiyo. Aka kore masu sha'awa daga dogon zango, aka ce su tsaya a mita 200 zuwa ƙasa, wurin da ake ganin ba shi da amfani. Ashe hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A ƙarshen Nuwamba 1923, Léon Deloy na garin Nis a Faransa ya yi magana ta bugun waya, kai da komo, da Fred Schnell da John Reinartz a jihar Connecticut ta Amurka, a kan kimanin mita 100. Gajeren zango ya ƙetare teku da ɗan ƙaramin ƙarfi. A 18 ga Afrilu 1925 aka kafa ƙungiyar masu sha'awar radiyo ta duniya a birnin Paris, kuma har yau a wannan rana ake bikinsu.

Taron Washington na 1927 ya ware masu filaye a mita 160, 80, 40, 20, 10 da 5. Daga nan wahala ta canza kama. Mutum ɗaya, gida ɗaya, fili ɗan kaɗan, ga mitoci da yawa, kuma kowace tana son tata waya. Wanda ba shi da filin kafa eriya biyar dole ya koya wa guda ɗaya yin aikin biyar.

Zamanin murɗa da hannu

Radiyoyin lokacin masu fitilun gilashi ne, kuma suna da haƙuri. A fuskarsu akwai maɓallai biyu da ake murɗawa ana kallon allurar ma'auni har a dace. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kebul mai om 50 da sojoji suka bari ya cika kasuwa, masu sha'awa suka rungume shi, om 50 ya zama ma'aunin kowa. Aka soma sayar da akwatin daidaitawa daban. A shekarun 1950 kamfanin E. F. Johnson ya fito da wanda ake kira Matchbox, a 1970 kuma Lew McCoy ya wallafa wani tsari a mujallar QST da mutane da yawa suka haɗa da hannunsu.

Aikin yana son natsuwa. Ka rage ƙarfi, ka zaɓi bobin, ka murɗa wannan kondansater, ka murɗa wancan, ka dawo ga na farko, har allura ta kwanta. Mai hankali yana rubuta lambobin kowace mita a takarda ya manna a bango. Wanda ya shekara yana wannan ya san eriyarsa kamar yadda manomi ya san gonarsa. In allura ta ƙi kwanciya inda ta saba, ya san waya ta tsinke ko ruwa ya shiga kebul tun bai leƙa waje ba.

Yadda na'ura ta karɓi aikin

Buƙatar yin aikin ba da hannu ba daga jiragen sama ta fito. A shekarun 1930 da 1940 jirage da yawa suna sakin doguwar waya a bayansu, ma'aikacin radiyo yana warware ta ko ya naɗe ta gwargwadon mitar da yake so. Da jirage suka ƙara gudu wannan bai yiwuwa, ga shi matuƙi ba shi da hannun murɗa maɓalli. Kamfanin Collins na Cedar Rapids a jihar Iowa, wanda Arthur Collins, shi ma mai sha'awar radiyo, ya kafa a 1933, ya ƙera na'urori a shekarun 1950 masu ƙananan injuna da ke juya bobin da kondansater da kansu. Wani ma'auni a ciki yana gane ta wane gefe aka kauce, ya umurci injin ya juya har komowa ta ragu.

Abubuwa biyu suka kawo ta ɗakin masu sha'awa. Na farko tiransisto. A ƙarshen shekarun 1970 ya maye gurbin fitila, amma ba shi da haƙurinta. In ƙarfi ya komo da yawa yana iya ƙonewa, shi ya sa radiyon ke rage ƙarfinsa da kansa da zarar awo ya wuce kimanin 2 bisa 1. Na biyu taron Janiba na 1979, wanda ya ƙara masu filaye uku a mita 30, 17 da 12. Mitoci sun ƙaru, filin gida yana nan yadda yake. A 1982 kamfanin Kenwood na Japan ya fito da TS-930S, ɗaya daga cikin radiyoyin farko na masu sha'awa da ake iya samu da na'urar daidaitawa a cikinsa.

Daga baya kamfanoni irin SGC da LDG suka bar injin juyawa suka koma ga rele, irin ƙananan makunnan da makanikai suka sani a mota, tare da ƴar ƙwaƙwalwar kwamfuta. A nan akwai darasin lissafi mai daɗi. A jera bobin 8, kowane ya ninka na gabansa: 1, 2, 4, 8, har 128. Da kunna wasu da kashe wasu ana samun haɗi 256. Kondansater 8 su ma 256. In aka ninka, haɗi 65,536 ke nan. Ƙwaƙwalwar ba ta bin su ɗaya bayan ɗaya. Tana gwadawa, ta auna, ta bi gefen da komowa ke raguwa, cikin ƴan daƙiƙoƙi ta gama, sannan ta adana amsar. Gobe in an dawo wannan mita, kafin ƙiftawar ido ta ɗauko. Takardar nan ta bango ce ta koma cikin akwati.

Abin da akwatin bai iya ba

Ina kwatanta wa ɗalibaina na'urar da giyar mota. Giya tana daidaita ƙarfin inji da nauyin kaya, ko da hannu ake sa ta ko otomatik ce, amma ba ta ƙara wa inji ƙarfi, ba ta kuma gyara tayar da ta sace. Na'urar tana sa radiyo ya ga om 50, ya saki ƙarfinsa hankali kwance. Eriyar kuwa tana nan yadda aka kafa ta. Akwai wani abin gwaji, dunƙulen turjiya mai om 50, wanda in aka haɗa shi awo zai nuna 1 bisa 1 cif, alhali duk ƙarfin zafi yake zama, maganar ba ta zuwa ko'ina. Gajeriyar sandar mota ma, in aka tilasta ta a mita 80, kaso kaɗan ne na ƙarfin ke fita iska.

Shi ya sa ƙwararru ke kiyaye wasu ƙa'idoji. Na'urar da ke cikin radiyo galibi ba ta gyara abin da ya wuce 3 bisa 1, don haka sai an yanka waya kusa da tsawon da ya dace. In eriya ta kauce sosai, a gindinta ake sa na'urar, domin in tana ɗaki ƙarfin zai yi ta kai da komo cikin kebul yana zama zafi. Ana daidaitawa da ɗan ƙaramin ƙarfi don kada rele su ƙone, kuma ana saurarawa tukuna don kada a rufe maganar wani. A busasshen rairayi irin namu ƙasa ba ta ɗaukar lantarki sosai, sai an shimfiɗa wayoyi a gindin eriya ta tsaye. Bakin waya yana ɗaukar wuta mai yawa lokacin aikawa, dole a nisanta shi da hannun yara da wayoyin lantarki na gari, da damina kuma a cire kebul da zarar hadari ya taso.

Namu rabon

Na'urar ta yi alheri. Ta buɗe ƙofa ga makaho da ba ya ganin allura, da mai ɗan ƙaramin gida, da ma'aikacin agaji a tsakiyar Tenere inda babu layin salula. Ba na cikin masu cewa a koma wahalar da. Damuwata ita ce yaron da ya tarar da akwatin a shirye. Fitila ta yi kore, ya ɗauka komai lafiya, in ba a amsa masa ba bai san inda zai duba ba. Na da ya san dalili domin hannunsa ya yi aikin. Na yanzu sai an koya masa da gangan, kuma mu ne masu koyarwar.

Abin bai buƙatar kuɗi mai yawa. Igiya da icce sun isa nuna komowa. Gurmi ya isa nuna tsawo da sauti. Tsohon radiyon gajeren zango na gida, da waya mita 10 a rataye a darbejiya, sun isa yaro ya ji bambanci da kunnensa, ya auna, ya raba 143 da kansa. Aikawa kuwa sai da izinin hukumar ARCEP mai kula da sadarwa, kuma a halin tsaron da muke ciki kada kowa ya yi wasa da wannan.

Iyaye, in yaronku ya kwance tsohon radiyo yana leƙen cikinsa, ku tambaye shi me ya gani kafin ku ɗauko bulala. Malamai, mu sa awon waya ya riga danna maɓalli a darasinmu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya ba yaranmu ilimi mai amfani, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.